Kyandir ɗin da nake haɗawa don kyautar Kirsimeti yana mutuwa da kansa

Jama'a, barkanku da aiki. Ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, kuma bana na yi niyyar haɗa kyandir masu launi in raba wa maƙwabta da abokan aikina Kirista kyautar Kirsimeti, tun da kayan kanti sun fi ƙarfin aljihuna.

Na sayo fararen kyandir a kasuwar Kejetia, na narkar da su a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, na jefa guntayen kala mai kaki irin wadda yara ke zane da ita domin su yi ja da kore, sannan na zuba a ƙananan kofunan gilashi. Launin ya fito yadda nake so. Amma da zarar na kunna, wutar takan ƙanƙance cikin 'yan mintuna, kan lagwanin ya yi baƙi ya dunƙule, narkakken kakin ya taru ya shanye shi har ya mutu.

Na sauya lagwanin da zaren auduga mai kauri da na kitsa, na tsoma shi a kaki kafin in kafa shi, na kuma rage kalar, duk da haka wutar ba ta daɗewa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wanda na zuba fari ba tare da kala ba yana ci lafiya lau.

Disamba ta kusa, kuma kuɗin kaki ya fara ƙarewa. Don Allah, wane irin launi ake sa wa kyandir wanda ba zai toshe lagwani ba, kuma ana samunsa a nan Kumasi?