Neman shawara: lissafina na aksiyon ɗin rana ya ƙi daidaita

Ɗalibi, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin kammala digiri a fiziks kan neman aksiyon da ke fitowa daga rana, wato wani ƙanƙanin ɓurɓushi da ake hasashen akwai shi, wanda maganaɗisu ke iya juya shi ya zama foton (ƙwayar haske). Na ɗauki maganaɗisun CAST, gwajin neman aksiyon na cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, tesla 9, tsawo mita 9.26, na sa g = 10⁻¹⁰ GeV⁻¹ cikin P = (gBL/2)², inda P ne yiwuwar aksiyon ya zama foton, g ƙarfin alaƙarsu, B ƙarfin maganaɗisu, L tsawonsa (eV da GeV kuwa ma'aunan kuzari ne). Amsata 2.1×10⁻¹⁶, tasu kuwa 1.7×10⁻¹⁷. Ina na kauce? Na biyu, muna da maganaɗisu mai tesla 1, tsawo santimita 30, da na'urar NaI mai gano eksire. Zan iya gwada abin a aikace?

Malamin fiziks, Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƙanena. Raba amsarka da tasu, za ka ga kusan 12.4, wato dab da 4π (12.6). Ka juya tesla da tsarin Gauss ne, inda tesla ɗaya ke ba da 692 eV². Wannan ƙa'ida da tsarin Heaviside-Lorentz aka rubuta ta, can kuwa tesla ɗaya 195 eV² ce. Mita ɗaya 5.07×10⁶ eV⁻¹, g kuma 10⁻¹⁹ eV⁻¹. Haɗa su: gBL/2 zai fito 4.1×10⁻⁹, ka ninka shi da kansa, ga 1.7×10⁻¹⁷ nan.

Amma kada ka tsaya nan. Ƙa'idar tana aiki ne muddin aksiyon da foton na tafiya kafaɗa da kafaɗa cikin bututun. Idan aksiyon na da nauyi, a hankali foton ke tsere masa, sai ka ninka P da [sin(qL/2)/(qL/2)]², inda q = m²/2E, m nauyin aksiyon, E kuma kuzarinsa. Da E wajen keV 4, da zarar nauyi ya haura 0.02 eV siginar ta fara zubewa. Shi ya sa CAST suka cika bututun da hiliyom, don foton ma ya yi nauyi. Hiliyom-4 na komawa ruwa idan matsi ya kai milibar 16 a sanyin kelbin 1.8, don haka ya tsaya wajen 0.4 eV, sai da hiliyom-3 suka wuce eV 1.

Injiniya, Kakuri: Batun gwaji kuwa, ɗan'uwa, ajiye shi. Ga dalili da alƙaluma. Da wannan g ɗin, aksiyon 3.75×10¹¹ ke ratsa kowane santimita murabba'i a daƙiƙa. Faɗin bakin bututun CAST santimita murabba'i 14.5 ne. Ninka su da P, foton ɗaya kake samu cikin awa uku, su ma da ke da katafaren maganaɗisu. Naka BL 0.3 ne, nasu 83. Ko da bakin naka ya kai nasu, foton ɗaya sai bayan shekara 26, shi ma in kana bin rana dare da rana ba hutu.

Ko ya fito ma ba zai isa na'urar ba. Eksire mai keV 3 ba ya wuce santimita 5 cikin iska sai kusan kashi biyu cikin uku sun salwanta, ragowar kuma gwangwanin alminiyom da ke rufe NaI zai shanye. Dole a zuƙe iskar bututun, taga ta zama siririyar leda, a kewaye na'urar da jan ƙarfe da dalma, a ɗora wata a sama mai kama miyon, ɓurɓushin da ke zubowa daga sararin samaniya yana ruɗa na'ura. Jan ƙarfen ma da nasa sharri: yana fitar da eksirensa a keV 8.

Ɗalibi, Unguwar Rimi: Na gode ƙwarai, lissafi ya zauna. To me zan yi da zai zama nawa, ba kwafi ba?

Malama, Barnawa: Ɗana, lissafa abin da zai faru in an kawo irin na'urar Kaduna. Lokacin da CAST ke aiki, digiri 8 kawai take iya ɗagawa ko sunkuyawa, shi ya sa ta riƙa bin rana awa ɗaya da rabi da fitowarta, haka kuma da faɗuwarta. Janeba na kan digiri 46 arewa da ikwaita, rana na hawa a karkace, wajen digiri 10 a awa. Mu muna kan 10.5, tana miƙewa kusan tsaye, digiri 14.7 a awa. Digiri 16 ɗin nan cikin minti 65 za ta ƙetare su, nasu kuwa minti 90 da ɗoriya. Rubuta shi da Python, kwana 365, ka kwatanta. Ka ƙirga har lokacin da rana ke ƙasa da doron ƙasa, domin aksiyon ratsa ƙasa yake, hazo da gajimare ba ruwansa da su.

Ka kuma lura sigina na tafiya da g⁴, g² wajen samuwar aksiyon a cikin rana, g² kuma wajen juyawarsa a maganaɗisu. Idan hayaniyar na'ura ce ta rinjaye, ninka lokacin kallo sau 256 ne zai rage iyakar g da rabi. Iyakar da CAST ta fitar a 2017 ita ce 0.66×10⁻¹⁰ GeV⁻¹. Sa BabyIAXO, sabuwar na'urar neman aksiyon da za a kafa a cibiyar bincike ta DESY da ke Hambog, cikin kwatancenka: mita 10, bututu biyu masu faɗin santimita 70, tesla 2 kacal. Malaminka zai tambaye ka yadda raunin maganaɗisu zai fi CAST gani, amsar tana cikin faɗin bakin bututun.