Wai kyamara na gane mutum daga takunsa?

Baban Iman: Jama'a, ranar nan na kawo maganar nan aka ce tatsuniya nake yi. To ga shi. China ta ƙirƙiro manhajar da ke gane mutum daga takunsa, ko ya rufe fuska, ko ya ba kyamara baya. Kamfanin Watrix na China mai manhajar ya ce tana aiki daga nisan mita 50, kuma tun 2018 aka ruwaito 'yan sandan Beijing da Shanghai na amfani da ita. Fuska kana iya rufewa, ƙafa fa? Ina sirrin mutum?

Injiniya: "Ƙirƙiro"? Haba Alhaji. Tun shekarun 1990 Mark Nixon ke wannan bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila. China kasuwa kawai ta kai shi.

Hajiya Babba: Kai dai Injiniya, komai sai ka miƙa wa Turawa.

Injiniya: Ba son kai ba ne, Hajiya. Kwamfuta na yanke surar jikin mutum daga bidiyo, ta bi yadda take sauyawa daga taku zuwa taku, sannan ta gwada da waɗanda ta ajiye. An san dabarar kafin a haifi kamfanin.

Ɗan Autan Zaure: To rumbun bidiyon CASIA-B na mutum 124 da masu bincike ke gwaji a kai, na wa ne? Na Kwalejin Kimiyya ta China ne. Wanda ya dafa shi ne mai abinci.

Injiniya: Tara bidiyo daban, ƙirƙira daban. Yaro, bari manya su gama.

Ɗan Autan Zaure: Yaron ne dai ya kawo hujja.

Hajiya Babba: Wallahi kuwa. Kullum sai Injiniya ya raina wa mutane hankali.

Baban Iman: Ni fa maganar sirri nake yi.

Malama: Kamfanin da bakinsa ya ce kashi 94 cikin 100 take dacewa. Doguwar riga, jaka a hannu ko wurin da aka kafa kyamara duk suna rikita irin waɗannan manhajoji. Wanda aka kama bisa kuskure fa?

Hajiya Babba: Malama, ke ma bayansa kike bi?

Malama: Ni ban ambaci Ingila ba, Hajiya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da muka fahimta: China ce ta fitar da abin har ya yi amfani, saboda haka ita ta ƙirƙiro. Binciken da ya tsaya a jami'a ba ya kama ɓarawo. Injiniya kuma ya ba Auta haƙuri.

Injiniya: "Muka" da wa, ranka ya daɗe?