Feshin Baƙin Rami: Musayar Baitoci daga Sakkwato

Ɗalibar Dundaye:
Malam, gafara dai, na zo da tambaya,
Kan gungun taurari mai siffar ƙwai a samaniya.
An ce baƙin rami, mai haɗiye ko da haske, na zaune can tsakiya,
Yana feshin wuta kashi biyu, gaba da baya.
Ta tsawon ƙwan yake fita, ko ta kwiɓi ya sami hanya?

Malamin Ƙofar Marke:
'Yata, madalla, kin taɓo inda ke da wuya.
Da faifan rediyo masu sauraren sama anka auna, anka yi ƙidaya,
Gungu bayan gungu, ba a tsaya ga ɗaya,
Feshin ya fi son kwiɓi, gajeruwar hanya.
Tuna mazarin kakarki in ta murza shi ya juya,
Gululu na gewaye, sanda na miƙe a tsakiya.
Haka gas da ƙura ke faɗowa suna kewaya,
Su zama faifai mai zafi a bakin ramin, ba kariya,
Feshin ya bi sandar nan, kusan gudun haske yake tafiya.

Alhajin Mabera:
Malam, ina da ja, a dakata a tsaya.
Gungun M87 fa? Tun 1918 masanin taurari Heber Curtis ya ga feshinsa, ba jiya,
Tsawon tafiyar haske ta shekara 5,000, babu ƙarya.
A 2019 hoton raminsa ya zagaye duniya,
Ramin na da nauyin rana biliyan 6.5, abin ban tsoro gaskiya.
Amma gungun kusan dunƙulalle ne gaba ɗaya,
To ina kwiɓinsa? A nuna man in daina jayayya.

Malamin Ƙofar Marke:
Alhaji, gaskiyarka, ban musa ko ɗaya.
Rinjaye ne ɗan kaɗan, sai an tara da yawa ya tsaya.
Gefe guda muke hange, ba mu zagayawa ta baya,
In gungu biyu sunka haɗe kuma, ramin kan karkace ya juya.

Ɗalibar Dundaye:
Baba Alhaji, ga gungun Centaurus A, shi ma ya sauya hanya,
Ya haɗiye wani gungu, ƙura ta ɗaure shi a tsakiya,
Feshinsa ya gitta ƙurar, ta tsawon ƙwan yake tafiya.
Yana kudu ƙasa-ƙasa a Afrilu, in dare ya yi tsakiya,
Wa ke da madubin hangen nesa, mu fita bayan gari baki ɗaya?