Ƙwallo na ta tsayawa da dare, ina mafita?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Kullum bayan Isha in na kunna ƙwallo a talabijin sai hoton ya daskare, ƙawanyar nan na ta juyawa. Rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, tana ɗakin yayana, bango biyu tsakaninmu. Mu takwas ne kan Wi-Fi ɗin.

Hajiyar Asawase: Ɗana, mutum takwas a kwano ɗaya? Sa yaran su ajiye TikTok lokacin wasan.

Mai gyaran waya: Malam, hoto mai ingancin 1080p na cin saurin intanet kusan 5 Mbps, rage ingancin zuwa 720p. Kuma siginar Wi-Fi na 5GHz ba ya ratsa bulo sosai. In da hali ja waya daga rauta har talabijin.

Ɗan Aboabo: Madalla, na sayo waya mita 15 a kasuwar Kejetia. Jiya ko sau ɗaya bai tsaya ba. Yaya dai na ƙorafin ramin da na huda a bangonsa.