Sabbin motocin bas a baje kolin tsofaffi: abin da masana suka tsayar

Tambayar da aka tattauna ita ce: a bar sabbin motocin bas su shiga baje kolin tsofaffin motoci ko a'a? A Birtaniya, sai mota ta cika shekara 40 ake yafe mata harajin hanya a matsayin ta tarihi, alhali kamfanoni kan sallami bas bayan kimanin shekara 15 tana aiki. A wannan tazarar ne yawancinsu ke ƙarewa a hannun masu gwangwan. Shi ya sa akasarin waɗanda suka tattauna suka ce a bar sababbi su shigo, amma a ware musu layi, kada a gwamutsa bas ta zamani irin Dennis Dart da tsohuwar bas mai hawa biyu ta Landan irin Routemaster, kuma a raba gasarsu.

Filin ajiyewa ya fi ɗaukar hankali. Sabuwar bas mai ƙasan dandamali, wato wadda cikinta ke daf da ƙasa, kan kafe a ciyawa mai laima, kuma idan ta daɗe a kashe, iskar da ke ɗaga ta na iya zurarewa ta zauna. A ba ta kwalta ko siminti.

Mai niyyar adana irinta ya sayi kwamfutar inji da allon lantarki na nuna zango tun suna samuwa, domin makaniki ba ya iya ƙera su.

Jigilar baƙi daga tashar jirgin ƙasa zuwa wurin baje kolin kuwa, sabuwa ta fi dacewa: mai keken guragu zai shiga ba wahala.