Rajistar cin zarafin yara: me za a rubuta, yaya za a karanta?

Baban_Hafsat:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aikin kare yara. Ofisoshin walwalar jama'a na ƙananan hukumomi suna rubuta koke-koken cin zarafin yara da sakaci da su a rajista, ƙarshen wata a haɗa jimilla a tura ma'aikatar harkokin mata. Daga nan shiru. Me ya kamata a riƙa rubutawa, kuma yaya za a karanta alƙaluman har su gyara aiki ko su shiga kasafin kuɗi?

Maman_Sadiq:
Wa alaikumus salam, Malam. Jimillar rajista ba ita ce yawan yaran da aka cutar ba, yawan waɗanda maganarsu ta iso ofis ne kawai. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) sun bi gida-gida a Najeriya suna tambayar 'yan shekara 13 zuwa 24. Sun gano shida cikin goma sun sha wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu na lalata, waɗanda suka samu taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. To ƙaramar hukumar da ta rubuta koke uku a shekara kar a tafa mata, wataƙila a zauren mai unguwa ake kashe maganar. A Amurka ma rahotanni sun ragu a 2020 da aka rufe makarantu, saboda malamai na cikin manyan masu kai rahoto.

Jami'in_Walwala:
Gaskiyarki, Hajiya. Bari in shiga cikin rajistar kanta. A ba kowane yaro lamba ɗaya wadda ba ta canjawa. In babu ita, yarinyar da aka kai wa 'yan sanda, aka kai asibiti, aka kawo ofis, za ta fito mutum uku. Kundin bayanan cin zarafin yara na Amurka, wato NCANDS, yana raba ƙidayar rahotanni da ƙidayar yara saboda wannan.

Sai ranaku huɗu: ranar da abin ya faru, ranar da aka kawo koke, ranar da jami'i ya ga yaron ido da ido, da ranar da aka kai shi asibiti. Nan amfanin yake. Maganin kariya daga HIV bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72. In ka lissafa ka ga yawancin yara sai bayan kwana biyar suke isa asibiti, duba inda takarda ke kwana: ofishin 'yan sanda ne, kuɗin mota ne, ko iyaye ne ke jiran zaman sulhu? Maganin kowanne daban.

A rubuta wanda ya kawo koken da dangantakar wanda ake zargi da yaron. Kalmar “an rufe” kuma a hana ta tsayawa ita kaɗai, don tana haɗiye komai. A fayyace: kotu ta yi hukunci, iyaye sun janye, an mayar da yaron wurin dangi, ko an rasa inda yake. Duk wata shida a ƙirga yaran da suka sake dawowa da sabon koke, wannan ke nuna ko sulhun da aka yi ya kare yaron.

Sakaci ma a ba shi gurbinsa: yunwa, ƙin kai mara lafiya asibiti, barin ƙaramin yaro ba mai kula. A Amurka kusan uku cikin huɗu na yaran da aka tabbatar an cutar sakaci ne, amma shi ne jami'i ke saurin cewa “ai talauci ne” ya wuce.

Baban_Hafsat:
Na gode ƙwarai. In ofishin ba kwamfuta fa?

Yaya_Binta:
Littafi biyu sun isa, Malam. Ɗaya mai sunaye da lambobi, a kulle a kabad, mutum biyu kacal ke da makulli. Ɗayan lambobi zalla, shi ake lissafi da shi. Manhajar CPIMS+ ta adana bayanan kare yara da ake aiki da ita a Borno ma kowane jami'i iya yaran da ke hannunsa yake gani. Kar a tura fam ko hoton yaro a zauren WhatsApp, kuma in adadin wata unguwa bai kai biyar ba a haɗa shi da na maƙwabta kafin a fitar, don kowa ya san 'yar gidan wa ake nufi. Ingila ta gina rumbun ContactPoint mai bayanan duk yaran ƙasar, a 2010 aka rufe shi bayan doguwar muhawara kan sirri da kuɗi.

In za a je gaban kwamishina ko kwamitin majalisa, shafi ɗaya ya isa: yara nawa ne a hannun kowane jami'i, nawa suka isa asibiti cikin awa 72, da kuɗin man babur da ake buƙata don a riƙa ziyartar gidajen.