Alƙalin da aka zaɓa da ƙuri'a: jama'a yake tsoro ko mai kuɗi?

Malam: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: yadda jihohin Amurka ke barin talakawa su zaɓi alƙalansu ya fi naɗi kusa da adalci. Jihohi 39 cikin 50 suna kaɗa wa alƙalai ƙuri'a ta wata fuska. Alƙalan tarayya kuwa shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko ritaya. Wanda ka san ba ka iya taɓa kujerarsa, me zai sa ya saurare ka?

Barista: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Ɗan takara sai da kamfe, kamfe kuma sai da kuɗi. A West Virginia, a 2002, an yanke wa kamfanin kwal na Massey hukuncin biyan wani ƙaramin ɗan kasuwa diyyar dala miliyan 50. Kafin ɗaukaka ƙara ta kai kotun ƙolin jihar, shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya zuba kusan dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya hau kujerar alƙali. Ya kuwa hau. Aka roƙe shi ya janye daga shari'ar, ya ƙi, aka soke diyyar da ƙuri'a 3 da 2, tasa na ciki. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibi ne da ya janye, ita ma da kyar, 5 da 4. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ka sa kanka a matsayin ƙaramin ɗan kasuwar da ya kai ƙarar, yana kallon wanda abokin gabarsa ya ɗora.

Hajiya: Barista, kuɗin ba kullum yake ci ba. A Wisconsin, Afrilun 2025, an kashe sama da dala miliyan 100 kan kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jihar. Elon Musk ya je Green Bay da kansa ya miƙa wa mutum biyu cakin dala miliyan ɗaya-ɗaya, amma ɗan takararsa Brad Schimel ya sha kaye a hannun Susan Crawford. Kuma ni a matsayina na uwa ba zan manta da California ba. A 2016 alƙali Aaron Persky ya ba ɗalibin jami'ar Stanford da ya ci zarafin wata mace ɗaurin wata shida kacal. A 2018 masu ƙuri'a suka yi masa kiranye. Da naɗaɗɗe ne na har abada, wa zai share wa matan nan hawaye?

Barista: Ranki ya daɗe, zafin da kika ji ni ma na ji shi. Amma ita Crawford ɗin ma attajirai ne suka tsaya mata, nata ɓangaren kawai ya yi rinjaye. Abin da ya fi damuna shi ne sauran alƙalan da suka ga abin da ya sami Persky. Gobe idan aka kawo yaron talaka da ya cancanci sassauci, alƙali zai tuna da akwatin zaɓe kafin ya tuna da doka. A Alabama, har zuwa 2017, alƙali zaɓaɓɓe yana da ikon ture shawarar masu taimaka masa ta ɗaurin rai-da-rai ya yanke kisa. Rayuwar mutum ke nan a hannun mai neman a ce ba ya wasa da masu laifi.

Ɗan'uwa: Iyayena, tambaya ce da ni. Mai ƙuri'ar ya san waɗanda yake zaɓa kuwa? Meziko ta zaɓi alƙalanta ranar 1 ga Yunin 2025, kusan kashi 13 cikin ɗari ne suka fito.

Malam: Tambayarka ta yi, yarona. Amma ku dubi dalilin da ya sa aka fara. Mississippi ta koma zaɓen dukkan alƙalanta tun 1832, New York ta bi a 1846, saboda mutane sun gaji da gwamnoni na raba kujerun shari'a ga 'yan korensu. Naɗi ma siyasa ce, sai dai a ɗaki ake yin ta, ƙofa a rufe. Mu da muka san yadda ake kai-kawo tsakanin gwamna da hukumar kula da alƙalai ta Najeriya (NJC) kan babban jojin jiha ba sai an yi mana bayani ba.

Barista: Nan kam na ba ka gaskiya, Malam. Shi ya sa nake ganin hanyar da Missouri ta ɗauka a 1940 ta fi: kwamitin lauyoyi da mutanen gari ya tace sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, bayan ya yi aiki na ɗan lokaci a tambayi jama'a, ya ci gaba ko ya sauka. Ba abokin hamayya, ba jam'iyya.

Hajiya: To ai Iowa irin wannan tsarin take bi, kuma a 2010 an kori alƙalai uku na kotun ƙolinta rana ɗaya saboda hukuncinsu na 2009 kan auren jinsi, da kuɗin ƙungiyoyi daga wajen jihar. Ni ban ga laifin masu ƙuri'ar ba. Kai da kake yabon tsarin, Barista, wannan korar ta yi maka daidai ko a'a?